Gezar Zaki a Randar Inna

A makon ƙarshe na Disamba, lokacin da hazo ya lulluɓe gonakin da ke tsakanin Dambatta da Makoɗa, wata mai harhaɗa magunguna da ke aiki a birnin Kano ta isa gidan iyayenta da wani ƙunshi a cikin leda. Girmansa bai wuce babban burodi ba, fari fat kamar an barbaɗe shi da gari. Mahaifiyarta ta juya shi, ta sansana, ta ajiye. Da yake 'yar fari ce, ba ta kama sunanta, sai ta kau da kai ta ce, "Wannan kuma wace irin tsaraba ce?"

'Yar ta yi bayani. Dusar katako ce aka cakuɗa da dusar alkama, aka turara, aka zuba mata irin wani naman kaza da Turawa ke kira gezar zaki. Idan aka tsaga ledar aka riƙa ba shi laima, cikin mako biyu zai fito. Ta saye shi ta intanet, a kan kuɗin da ya isa sayen zakaru biyu.

"Wato laimar kwaɗi za ki ba Malam," in ji Inna. Ta tashi ta koma wajen tankaɗenta.

Malam tsohon hedimasta ne. A da, idan ya haɗu da wanda ya koyar shekara talatin baya, sai ya kira sunansa har da na ubansa da unguwarsu. Yanzu yakan tambaya sau uku ko ya yi sallar la'asar. Tun tana jaririya yake kiran 'yar tasa Uwata, domin sunan mahaifiyarsa aka sa mata. A wannan shekarar ce ta fara lura cewa wani lokaci idan ya ce Uwata, ba da ita yake ba. Wannan ne ya kai ta ga sayen ƙunshin, ko da yake ta fi kowa a gidan sanin yadda ake tallan magani.

Abin da aka sani, da abin da ake talla

Gezar zaki, wanda masana ke kira Hericium erinaceus, ba shi da hula da sanda irin na laimar kwaɗi. Dunƙule ne fari mai siraran zaruruwa masu reto, yana fitowa a jikin tsofaffi ko matattun itatuwa masu tauri a dazuzzukan Turai da Arewacin Amurka da Gabashin Asiya. Mutanen Sin suna kiransa kan biri, sun kuma daɗe suna sa shi a miya.

Sunan da ya yi a matsayin abincin ƙwaƙwalwa ya samo asali ne daga Japan. A farkon shekarun 1990, Hirokazu Kawagishi da abokan aikinsa suka ware wasu sinadarai daga jikinsa da kuma zarensa da ke ratsa itace, suka ga cewa a ɗakin gwaji suna zaburar da ƙwayoyin halitta su samar da sinadarin da ke raya jijiyoyi, wanda gano shi ya sa aka ba Rita Levi-Montalcini da Stanley Cohen lambar Nobel a 1986. A 2009 aka wallafa wani gwaji da aka yi a Japan a kan mutum 30 masu shekaru 50 zuwa 80 da mantuwa ta fara taɓawa. Waɗanda suka sha garinsa na mako 16 sun fi sauran maki a jarrabawar tunani, amma mako huɗu da daina sha, makin ya sauko.

Mutum 30 kenan. Yawancin sauran binciken a kan ɓeraye aka yi shi, ko a cikin kwalabe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa fiye da mutum miliyan 55 ke fama da cutar mantuwa, kuma har yau ba a sami maganin da ke warkar da ita ba. A irin wannan giɓi ne 'yan kasuwa ke kafa rumfa. 'Yar Malam ta san duk wannan, tana ma gaya wa masu zuwa kantinta irinsa kullum. Amma sanin abu a bayan kanta daban, kallon uba yana laluben sunan jikansa daban.

Ƙasar da ba ta barin itace ya ruɓe

Ƙyamar Inna ma tana da tushe. Tun 1965 Michael Mortimore da J. Wilson suka bayyana karkarar Kano a matsayin yankin da jama'a suka cika, ana noma kowace gona kowace shekara ba hutu, taki ne ke riƙe da ƙasa. A nan babu abin da ba shi da mai shi. Gawo da ɗorawa da kuka da tsamiya, kowace bishiya an san gonar da take. Reshe idan ya faɗo ba ya kwana, ya shiga murhu. Karan dawa ya zama darni ko makamashi, harawa ta hau rufin ɗaki don tumaki, ƙaiƙayi da toka su koma gona. Naman kaza kuwa abincinsa ruɓaɓɓen itace ne da ganyen da ya daɗe a ƙasa cikin danshi, ga damina ba ta wuce wata huɗu. Saboda haka wanda mutumin wannan yanki ya saba gani shi ne wanda ke tsirowa a kan juji ko a turken dabbobi bayan ruwan Agusta. Ba abin mamaki ba ne a bar wa kwaɗi shi.

Shi kuwa gezar zaki yana son sanyi, tsakanin digiri 15 zuwa 24 a ma'aunin Salshiyas, da iska mai laima sosai. A bazara, lokacin da zafin Kano ke haura 40, ba shi da wurin zama. Hunturu yana ba da sanyin, amma iskarsa na busar da leɓe balle naman kaza. Kwana uku 'yar tana fesa wa ledar ruwa a lungun ɗaki, bakin tsagar yana bushewa kafin azahar.

Inna ce ta gaji da kallo. Ta sa aka mirgino wata tsohuwar randa da ta tsage ta daina riƙe ruwa, ta zuba jiƙaƙƙen yashi a gindinta, ta kife kwano, ta ɗora ƙunshin a kai, ta rufe bakin da jiƙaƙƙen buhun algarara. Dabarar da take ajiye tumatir da alayyahu ce, irin wadda Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, ya yaɗa da tukunya cikin tukunya har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000: ruwa na ƙafewa ta jikin yumɓu, yana tafiya da zafi. 'Yar ta ƙara sharaɗi guda, a riƙa ɗaga buhun safe da rana da yamma, domin idan iska ba ta shiga ba, abin yakan fito a wargaje maimakon dunƙule. Hutunta ya ƙare, ta koma birni, ta bar randar a hannun wadda ta rantse ba za ta ci ba.

Ranar Asabar ta biyu da ta dawo, Inna ta ɗaga buhun ba ta ce komai ba. Dunƙule ne ya kai gudan kabewa ƙarama, fari sol, zaruruwansa sun soma sauka. Lokacin yankansa kenan, domin idan ya fara rawaya yakan yi ɗaci.

A kasko

Rabin farko ya tafi a banza. 'Yar ta wanke shi a roba kamar ganye, ta jefa a miyar tumatir. Ya fito kamar soso, ya sha ruwa ya sha mai, ba ɗanɗano.

Inna ta ɗauki ragowar ta matsa da yatsa, ta ga ruwa ya taso. "Ai wannan awara ce," ta ce. "Wa ya taɓa soya awara bai matse ta ba?"

Ta faɗi daidai. Kusan kashi 90 cikin 100 na ɗanyen naman kaza ruwa ne, kuma wannan ya fi sauran tsotsa saboda zaruruwansa. Muddin ruwan na ciki, zafin kasko ba zai wuce na tafasa ba, abin da bai wuce tafasa ba kuwa ba ya yin ja, ba ya ƙamshi. Don haka ba a jiƙa shi, goge shi ake yi da tsumma mai tsabta. Inna ta yanka shi fala-fala, kaurin yatsa. Ta ture karan dawa gefe, domin wutarsa ta tashi ce ta mutu, ta jawo garwashi. Ta ɗora kasko ba mai, ta jera yankan, ta danne su da bayan ludayin ƙarfe. Ruwa ya fito yana ƙara, ya ƙafe cikin 'yan mintuna, yankan suka ragu kusan rabi, gefensu ya soma ja. Sai a lokacin ta saka man shanu cokali guda da tafarnuwa dakakkiya, ta juya su har suka yi launin gasasshiyar tsoka. Gishiri ya zo a ƙarshe, da ɗan yajin ƙuli, da ɗigon lemon tsami.

A ƙasashen da suka saba da shi, da naman ƙaguwa ake kwatanta shi. A wannan tsakar gidan, abin da ya fi kama da shi ƙirjin kaza ne, yana yagewa zare-zare kamar za a yi dambu. Garɗinsa kuma dangin na daddawa ne, sinadari ɗaya ke ba su wannan zaƙin miya. Abu ne da ba ya son a binne shi a miyar kuka. Ya fi kyau a gefen shinkafa da wake, ko a ci shi haka nan da zafinsa.

Suna biyu

Aka kai wa Malam a zaure. Ya ɗauki yanka ɗaya ya tauna a hankali, ya ɗauki na biyu.

"Naman kaza," ya ce.

"Baba, ka taɓa cin irinsa?"

Ya yi maganar da ta fi duk wadda ya yi a watan tsawo. Akwai wani suri a bakin burtali, gabas da gonar kakansa. Idan marka ta kama, da asuba mahaifiyarsa takan je da ƙaramar wuƙa. Ba a tsinke shi daga sama, in ji shi, tonawa ake yi, domin yana da doguwar saiwa da ke nutsewa cikin surin. Takan gasa a garwashi da gishiri. Ya dubi 'yarsa ya ce, "Uwata, wannan karon ba ki tono saiwar ba."

Abin da ya siffanta sananne ne ga masana, suna kiransa Termitomyces. Gara ce ke noma shi a cikin gidanta: tana tara abin da ta ci na ciyayi, naman kazan ya narkar da shi, ita kuma ta ci. Da damina yakan huda ƙasa ya fito, saiwarsa na haɗe da gonar garar a ƙasa. Ana cinsa a faɗin Afirka, akwai ma wani irinsa a Zambiya da faɗin hularsa ke kusan kai mita guda, kuma har yanzu ɗan Adam bai iya noma shi don kasuwa ba. Harshen Hausa ya adana shaidar cewa an san shi. Wanda ya tsaya daga nesa ya ga laima, ya ce ta kwaɗi ce. Sunan naman kaza kuwa sai wanda ya tauna ne zai raɗa shi.

Surin nan babu shi yau. Burtalin ma gonaki sun cinye shi. Labarin Malam kuma ba izini ba ne ga kowa ya fita tsinta. Akwai wata farar laima da ke fitowa a ciyawa da damina, ƙasan hularta yana komawa kore-kore idan ta tsufa, tana jawo amai da gudawa mai tsanani. Akwai waɗanda gubarsu ke lalata hanta, kuma dafuwa ba ta kashe ta. Cewa wai idan ƙwari ko akuya sun ci to mutum ma zai iya ci, ƙarya ce da ta kai mutane kabari. Ilimin bambance su a hannu ake miƙa shi, a gindin suri, daga wanda ya sani. A wannan gida mutum ɗaya ne ya rage da shi, kuma ba za a ƙara iya dogara da idonsa ba. 'Yar ta ɗauki muryarsa a waya duk da haka, ta sa ya maimaita.

Washegari bai tuna ya ci komai ba. Da yamma ya tambaya ko ya yi la'asar. 'Yar ta auna masa hawan jini, ta rubuta abin da za ta roƙi likita ya duba: ƙarancin bitamin B12, aikin maƙoshi, da jinsa da ya fara raguwa, domin waɗannan suna ƙara mantuwa kuma suna da magani. Ta sa ranar asibiti. Game da gezar zaki, ta yanke cewa abinci ne mai kyau da uban ya ci da marmari, kuma ba za ta ɗora masa nauyin da ya fi wannan ba.

Ƙunshi ɗaya yakan ba da yanka biyu ko uku kafin ya gaji. Da za ta tafi, ta tarar da Inna tsugune a gaban randa tana jiƙa buhu. Ba ta ɗago ba ta ce, "Idan za a sake zuwa, a taho da wani kafin sanyi ya wuce. Jiya ya cinye, har ya nemi ƙari."