Zumunta a Ƙafa Take

A ƙarshen watan Oktoba na 2014, da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram bayan Madagali da Michika, jama'a suka kwararo Yola da Jimeta, wasu a mota, wasu a ƙafa. Bishop Stephen Dami Mamza ya buɗe musu harabar babbar majami'ar St. Theresa da ke Jimeta, dubbai suka fake a can, Kirista da Musulmi. An raba hatsi, an raba tabarmi, wannan kuwa kowa ya ji labarinsa.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne ciwon da hatsi ba ya warkarwa. Mutumin da ya saba a gaishe shi da sunan gidansu, ya wayi gari a birnin da babu mai tambayarsa yadda ya kwana. Yana tsakiyar taro, amma kaɗaici na cin sa kamar gara. Na ga wata dattijuwa tana karɓar rabonta ta ture gefe, domin ba ta san inda ɗanta yake ba, ba ta kuma saba cin abinci ita kaɗai ba.

Matan zumunta na ikilisiya ne suka shawo kanta, kuma ba da dogon wa'azi ba. Zama suka yi kusa da ita, wannan ta tsefe mata kai, waccan ta ɗauko waƙar yabo da harshen Margi, suna kiranta "Mama" har ta amsa. Sai daga baya aka buɗe Zabura, aka yi addu'a, sa'an nan ta sa hannu a kwano. Washegari suka komo, jibi ma haka. A ganina a nan bishara take da ƙarfi. Ban raina mai wa'azi da lasifika a bakin kasuwar Jimeta ba, sai dai lasifika ba ta san sunan kowa ba.

A 2021 Bishop ɗin ya buɗe gidaje 86 a Sangere-Marghi, cikin ƙaramar hukumar Girei, domin waɗanda suka kasa komawa gida. Ya gina musu majami'a, ya kuma gina wa Musulminsu masallaci, abin da ya jawo masa suka daga wasu 'yan'uwansa Kirista. Ni kam ban ga laifinsa ba: mutanen da suka yi shekaru suna kuka tare a zango ɗaya, raba su a ranar tarewa sabon maraici ne.