Kowane Aiki da Lokacinsa: Darasi Daga Takardar Likita

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, Wanda Ya halicci dare da rana suna bin juna, Ya sanya wa kowane abu wa'adinsa. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ɗan'uwa mai karatu, an saba yi mana gargaɗi a kan jinkiri, kuma gargaɗin gaskiya ne, amma ba kasafai ake tunatar da mu cewa gaggawa ma tana lalata aiki ba. Shari'a ta koya mana duka biyun. Wanda ya yi sallar azahar kafin rana ta karkata, komai kyawun alwalarsa, sai ya sake. Wanda ya yanka ragonsa kafin sallar idi nama kawai ya samar wa iyalinsa, kamar yadda ya faru da sahabi Abu Burda bin Niyar, wanda Manzon Allah (SAW) ya umarta da ya sake yanka. Haka kuma wanda ya bar zakkar fidda kai har aka sauko daga idi, ya rasa lokacinta mafi falala. Wannan ƙa'ida ce na ga ta bayyana a wurin da ban zata ba, wato a cikin takardun neman bizar Ingila.

A shekarar 2024 ƙanwata ta fara shirin bin mijinta da ke aiki a birnin Manchesta, kuma ni aka ɗora wa bin diddigin takardun. Dokar Birtaniya ta wajabta wa mazaunin Nijeriya da zai zauna a can fiye da wata shida ya yi gwajin tarin fuka kafin ya shigar da takardarsa, a asibitin da gwamnatinsu ta amince da shi kawai, irin cibiyoyin hukumar IOM da ke Abuja da Legas. Ana ɗaukar hoton ƙirji, idan ba a ga komai ba a ba mutum takardar shaida. To amma wannan takarda tana da ajali: wata shida daga ranar da aka ɗauki hoton.

Da labari ya bazu a cikin dangi, kowa ya ce a gaggauta. Ita kanta ta kira ni ta ce: "Yaya, tunda kuɗin gwajin suna hannu, me zai hana in je Abuja in gama da shi, hankalina ya kwanta?" Na ce mata: "Ki dakata mu fara lissafi tukuna." Maigidanta bai daɗe da kama sabon aiki ba, kuma hanyar da ta fi sauƙi gare shi wajen tabbatar da samunsa ita ce ya nuna takardun albashi na wata shida a wurin aiki ɗaya, da bayanan banki da suka yi daidai da su. Tun watan Afrilu na 2024 an ɗaga mafi ƙarancin albashin da ake nema zuwa fam 29,000 a shekara. Ke nan da ta yi gwaji a wannan makon, takardar likita za ta mutu daidai lokacin da takardun albashi suke cika. Da kuɗin gwaji, da kuɗin mota, da wahalar hanya, duk sun tafi a banza, ga kuma haɗarin a ƙi takardar gaba ɗaya idan ba a lura ba.

Sai dai barin gwajin zuwa makon ƙarshe shi ma tarko ne. Idan likita ya ga wani tabo a hoton da bai gamsu da shi ba, ko da tsohon ciwo ne da ya warke, zai nemi a kawo kaki sau uku, da sassafe, a ranaku daban-daban. Ƙwayar cutar tarin fuka kuwa a hankali take girma a ɗakin gwaji, saboda haka sakamako yakan kai mako takwas kafin ya fito. A wannan tsakanin wasu takardun suna tsufa, domin takardar albashi da bayanin banki na ƙarshe ba a yarda su wuce kwana 28 kafin ranar shigar da nema ba. Mace mai juna biyu tana da nata lissafin: ko a yi mata hoton da ƙarin kariya bayan watanni ukun farko, ko ta zaɓi gwajin kaki da dogon jiransa, ko ta jira ta haihu.

Abin da muka yi shi ne lissafi daga ƙarshe zuwa farko. Muka tsayar da ranar da albashi na shida zai shiga, muka ɗauke ta a matsayin lokacin shigar da takarda, sannan muka koma baya da mako goma. Nan muka sa ranar gwaji: idan an nemi kaki akwai sarari, idan ba a nema ba takardar tana da sauran rai mai yawa. Watannin da suka gabaci wannan rana ba su yi wa ƙanwata daɗi ba, domin zama ba tare da yin komai ba ya fi wasu ayyukan wuya, ga kuma masu tambaya kullum ko an fasa tafiyar ne. Nakan ce mata shi ma jiran lokaci aiki ne, kamar mai alwala da ke zaune a masallaci yana sauraron ladani.

Akwai waɗanda ke ganin gwajin kansa wulaƙanci ne. Ni dai ban ga haka ba. Nijeriya tana cikin ƙasashe 30 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafa a matsayin masu fama da tarin fuka sosai, cutar kuwa ta iska ake ɗaukarta, kuma tana warkewa da magani na kimanin wata shida. Sayyidina Umar (RA) ya juya da jama'arsa daga Sargh da ya ji annoba ta ɓarke a Sham, kuma Abdurrahman bin Auf ya ƙarfafa shi da abin da ya ji daga Annabi (SAW) game da hana shiga ƙasar annoba ko fita daga cikinta. Wanda aka gano masa cutar a wannan gwaji an yi masa alheri, shi da 'ya'yan da ke kwana ɗaki ɗaya da shi. Saboda haka neman takardar jabu, ko tura wani ya tsaya a madadinka, ha'inci ne da cutarwa a haɗe, ba dabara ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wata shidan nan. Likita, da duk na'urorinsa, bai yarda ya shaidi lafiyar mutum fiye da rabin shekara ba, kuma ko a hakan abin da ya gani ranar hoton kawai yake faɗa. Mu kuwa mukan riƙe lafiyar jiya kamar takardar da ba ta ƙarewa, mu ɗaga tuba, mu ɗaga biyan bashi, mu ɗaga sada zumunci. Wasu ayyukan, irin layya da gwajin biza, jiran lokacinsu ake yi. Wasu kuwa, irin tuba da mayar da haƙƙin mutane, lokacinsu ya riga ya shiga tun tuni. Hankali shi ne mutum ya rarrabe tsakaninsu, kada ya yi gaggawa inda ake son haƙuri, ya yi nawa inda ake son hanzari.

Allah Ya sanya albarka a cikin lokutanmu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sada matafiya da iyalansu cikin aminci. Wallahu a'alam.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.