Waƙar sol a hannun na'ura

Yau zancen waƙa za mu yi, da zancen wata sabuwar na'ura da ta shigo sana'armu.

Ni aikina ɗaukar sauti ne. Da kaset na fara, ina zuba ma mutane waƙoƙi a bakin kasuwa. Yanzu ina da ɗan ɗaki da kwamfuta, wadda wasu ke ce ma ordinatar. Mawaƙa na zuwa, mu ɗauki murya da kiɗi, in gyara, su tafi da waƙarsu cikin salula.

Cikin waƙoƙin ƙasashen waje, babu wadda nike so kamar sol. Waƙar baƙar fatar Amurka ce, jikokin bayin da anka kwasa daga Afirka. Sol da Turanci yana nufin rai. Ta taso a shekarun 1950, lokacin da wasu mawaƙa sunka haɗa waƙar majami'arsu da kiɗan rawa. Ray Charles, wani makaho mai buga piyano, ya yi haka a 1954, har wasu masu addini sunka ji haushinshi. Aretha Franklin ɗiyar fasto ce a garin Ditiroyit, cikin majami'ar ubanta ta koyi waƙa. Kai da ka saba jin mawaƙi da ƴan amshinshi, sol ba za ta yi maka baƙunta ba. Mai waƙa ya ja, ƴan amshi su karɓa.

Daɗin sol yana cikin hawa da saukar murya. Mai waƙa zai yi ƙasa-ƙasa kamar yana yi maka raɗa a kunne. Can sai ya ɗaga, muryar ta dishe, ka ji kamar zai yi kuka. Har numfashinshi ana ji. A da, a garin Memfis akwai wani gidan waƙa mai suna Stax. Tsohon gidan silima ne, daɓenshi ma a karkace yake. A lokacin, makaɗa duka na shiga ɗaki guda su buga tare. A 1965 Wilson Pickett ya yi waƙarshi "In the Midnight Hour" a nan. Mai ganga, Al Jackson, da gangan yake jinkirta bugu kaɗan. Wanga ɗan jinkiri shi ke sa jikin mutum ya motsa. In ka samu waƙar, ka saurara da kyau, za ka ji shi.

To, bayan an ɗauki waƙa, an haɗa murya da kiɗi, sauran aiki guda. Masu sana'a na ce mishi mastarin, ni ina ce mishi gyaran ƙarshe. Ka san in marini ya gama rina zane, sai a kai shi wurin mabugi. Mabugi ba ya sake launi. Bugu yake yi har zanen ya kwanta ya yi ƙyalli. Haka wanga aiki yake. Ana daidaita sauti mai kauri da mai kaifi, kada ɗaya ya danne ɗaya. Ana ƙara ma waƙar ƙarfi. Ana tabbatar da ta fito da kyau ko a babbar lasifika ko a ƙaramar radiyo. Zamanin faifan garmaho, in sauti mai kauri ya yi yawa, allura tsalle take yi ta bar layi. Shi ya sa gwanaye ne kaɗai ke yin aikin, kuma kuɗɗinsu da yawa.

Yanzu an koya ma kwamfuta. Ana ce ma abin basirar na'ura. Masu Faransanci na taƙaita sunan IA, masu Turanci AI. Wani kamfani na garin Monriyal a ƙasar Kanada, LANDR, ya fito da irin wanga gyara ta intanet a 2014. A 2017 manhajar Ozone ta samu nata mataimaki, a 2023 kuma kamfanin Apple ya sa irinshi cikin Logic Pro. Manhaja ita ce tsarin aikin da ake sa ma kwamfuta ko salula. Akwai ma BandLab, wadda ke yin gyaran ƙarshe cikin salula.

Ga yadda take aiki. An ba na'urar waƙoƙi masu ɗimbin yawa, ta auna su, ta riƙe kamanninsu. In ka ba ta taka, sai ta auna ta, ta gwada da waɗanda ta sani, ta matso da ita kusa da su. Kafin shayi ya tafasa ta gama.

Ni ina aiki da ita, kuma ta yi mini rana. Ɗakina na laka ne, rufin kwano. Sauti mai kauri na ruɗin kunne a irin wanga ɗaki, amma ba ya ruɗin na'ura, tunda ita awo take yi. Kuma yaron ƙauye da ba shi da kuɗɗin aika waƙarshi wurin gwani a babban birni, yau yana iya samun waƙa mai tsabta. Wanga ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai akwai inda take cutar sol. Waƙoƙin zamani da yawa ƙarfi ake so su yi tun daga farko har ƙarshe. Don a samu wanga ƙarfi, sai a danne wurin da sauti ya hau, a ɗago wurin da ya sauka. Kamar mutum ya baje tudu ya cike kwari, fili ya zama bai ɗaya. Ga kiɗan rawa na biki, babu laifi. Amma in anka baje sol, raɗa da kuka sun zama daidai. Me ya saura?

Bara wani saurayi ya zo wurina. Ya yi waƙa da Hausa, amma a salon sol, da gita da ƴan amshi mata 2. Waƙar ta mahaifiyarshi ce da ta rasu. Akuya ya saida ya biya kuɗɗin ɗauka. A tsakiyar waƙar akwai wurin da kiɗi ke tsayawa, ya kira sunanta a hankali, ya ja numfashi. Na ba na'ura, ta fito mana da gyara iri 3: mai sauƙi, matsakaici, da mai ƙarfi. Yana jin mai ƙarfin ya ce shi yake so. Ban yi mamaki ba. Kunnen ɗan Adam haka yake, abin da ya fi ƙara shi ke fara yi mishi daɗi.

Na ce mishi ya dakata. Na rage ƙarar mai ƙarfin har ta zo daidai da ta mai sauƙin, sannan munka sake saurare. A mai ƙarfin, sunan tsohuwar ya fito kamar ana kiran ta daga bayan danga. Numfashin ya zama huci. Da ƴan amshi sunka shigo, ba su girgiza kowa ba, don babu sauran wurin hawa. A mai sauƙin kuwa, sai da munka matso kusa da lasifika don mu ji sunan, sannan amshi ya faɗo mana gaba ɗaya. Yaron ya yi shiru. Can ya ce: "Baba, bar mini wannan."

In kai ma kana da ɗa ko ƙane mai wanga sana'a, ka gaya mishi haka: kada ya gwada gyara biyu sai ya daidaita ƙararsu. Ya sani kuma YouTube da Spotify na rage ƙarar waƙar da ta cika ƙarfi, don waƙoƙi su zo kusan daidai. Ke nan wanda ya danne waƙarshi ya yi hasarar hawa da sauka, ƙarfin ma bai samu ba. Wasu manhajojin na yarda ka ba su waƙar misali, ka ce ga irin abin da kake so. Nan ne wurin ba su tsohuwar waƙar Aretha Franklin ko ta Otis Redding. Kamar mai kai hatsi injin niƙa ne. In tsaki kike so, uwargida, sai kin faɗa, in ba haka ba gari mai laushi za a ba ki. A ba na'ura waƙa cikakka, irin WAV. MP3 an riga an rage ta. Akwai kuma maɓallan da ke miƙe bugun ganga da murya su zauna daidai kamar layin soja. Ga sol, ni ba na taɓa su, ko kuwa in taɓa kaɗan. Da an miƙe gangar Al Jackson, da waƙar ta mutu.

A da, a Ditiroyit akwai wani gidan waƙar, Motown. Berry Gordy ya kafa shi a 1959 da dalar Amurka 800 da ya ranta wurin danginshi. Ya taɓa aiki a masana'antar motoci, kuma ya san mutane da yawa cikin mota suke jin waƙa. Saboda haka a lokacin ma'aikatanshi na gwada waƙa da ƙaramar lasifika irin ta radiyon mota kafin ta fita. Ni ma haka nike yi. In na'ura ta gama, sai in zuba waƙar cikin tsohuwar salula, in fita ƙofar gida inda babura ke wucewa. In wurin raɗa ya ɓace cikin hayaniya, in koma ɗaki in ɗago shi kaɗan da hannuna, in sake fitowa.