Sotigi Kuyate da amsar da na ba ɗana

Daren Juma'ar da ta wuce, bayan sallar isha'i, ɗana na biyu ya same ni a ƙofar gidanmu a nan Dassasgho, ya durƙusa ya ce, "Baba, ina neman izininka in shiga ƙungiyar wasan kwaikwayo." Kafin ya rufe baki amsa ta riga ta zo kan harshena, domin gadonta na yi. Fiye da shekara talatin da suka wuce, a tsohuwar unguwarmu ta Zangwatin, na kai wa mahaifina irin wannan magana, ya dube ni ya ce, "Gidan nan ba a haifi maroƙi ba." Washegari na koma rumfarsa ta goro, ban ƙara tayar da zancen ba.

Na haɗiye amsar, na ce wa yaron ya je ya kwanta sai da safe. Abin da ya riƙe mini harshe kuwa tunanin wani dattijo ne dogo siriri, mai dogayen yatsu da tafiyar natsuwa, wanda ban taɓa yin musafaha da shi ba, wato Sotigi Kuyate.

An haife shi a Bamako a 1936, cikin zuriyar Kuyate, maroƙan sarakunan Mande tun zamanin Sunjata Keita, amma ƙasar nan ce ta raine shi. Da ƙwallon ƙafa ya fara suna, har ya zama kyaftin ɗin ƙungiyar ƙasa lokacin ana kiranta Haute-Volta. A 1966 ya shiga wasan daɓe, ya kafa ƙungiyarsa a Wagadugu. Maƙwabtanmu na Nijar sun san fuskarsa tun a fim ɗin FVVA na Mustafa Alasan a 1972. Daga baya Peter Brook, Baturen Ingila mai shirya wasanni a Paris, ya ɗauke shi, ya ba shi matsayin Bishma a Mahabharata, tsohon labarin Indiya da aka nuna a daɓe a 1985, aka kuma mayar da shi shirin talabijin. A 2004 ya fito a matsayin Cerno Bokar, malamin nan na Bandiyagara.

Ni dai a 1995 na fara ganinsa sosai, lokacin bikin FESPACO. Na sulale daga rumfa na shiga sinima na kalli Keita, fim ɗin da ɗansa Dani Kuyate ya shirya. Sotigi ya fito a matsayin Jeliba, tsohon maroƙi da ya baro ƙauye ya zo birni, ya ɗaura ragar kwanciyarsa a tsakar gidan wasu 'yan boko, don kawai ya gaya wa ɗansu Mabo asalin sunansa. Yaron ya shagala da labarin har karatunsa ya fara lalacewa, uwa ta fusata, malamin makaranta ya zo da ƙorafi. Tsohon bai ɗaga murya ba ko sau ɗaya. Na fito daga sinimar nan jikina a sanyaye, domin na ga maroƙin da bai miƙa hannu ya karɓi ko sisi ba. Shi ne ma ya zo da abin bayarwa.

Ba na zargin mahaifina, Allah Ya jiƙansa. Abin da ya sani shi ne ɗan wasa mai bin bukukuwa yana zuga masu kuɗi, kuma baƙo a ƙasar wasu ba shi da jarin da ya wuce mutuncinsa. Tsoronsa na gaskiya ne. Sai dai rayuwar Sotigi ta nuna mini wani gefen da bai gani ba. Mutumin nan ya sa rigar Ba'indiye, ya yi magana da Faransanci a manyan zaurukan Turai, amma duk inda ya tsaya sai ka gane ɗan gidan wane ne. A 2009, yana da shekara saba'in da biyu, aka ba shi lambar gwarzon ɗan wasa a bikin fina-finai na Balin saboda London River, inda ya fito a matsayin Usman, uba Musulmi mai neman ɗansa a Landan bayan harin bama-baman 7 ga Yuli 2005. Maganarsa a fim ɗin kaɗan ce. Shirunsa da kallonsa suka yi aikin. Ya rasu a Paris ranar 17 ga Afrilu 2010, kuma yau da sunansa ake ba 'yan wasan Afirka lambar yabo a garin nan.

A wannan dare na tambayi kaina abin da ya fi zama hatsari ga gidana. Ɗana ya fi sakewa da Faransanci da Mosanci. Hausarsa ta gaisuwa ce da aike. Idan aka yi karin magana a gabansa sai ya yi murmushi ya dubi ƙasa. Ashe Mabo yana kwana a ɗakina shekara da shekaru, ni kuwa da ya kamata in zama Jeliba ina can ina lissafin goro.

Da gari ya waye na kira shi. Na ce, "Na yarda, amma da sharaɗi uku. Salla ba wasa, karatu ba fashi. Na ukun kuma, kowane dare za ka zauna wurin kakarka ka ɗauki tatsuniya ɗaya, kuma wasan farko da za ka gayyace ni, da Hausa nake son in ji shi." Ya ce, "Baba, Hausata ba ta kai ba." Na ce, "Wannan laifina ne, tare za mu gyara."

Jiya na ji su ta taga, tsohuwa tana ba shi labarin Gizo da Ƙoƙi, yana kwaikwayon tsamin bakin Gizo, tana dariya tana gyara masa. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya shirya mana zuriya.