Tsohuwar Land Rover ta Kawu

Shekara 11 motar Kawu ta yi a ƙarƙashin dogonyaron ƙofar gidansa a Damagaram, tayoyi a sace, kaji suna saka ƙwai a mazaunin direba. Bayan rasuwarsa, da aka zauna lissafin gado, ba wanda ya sa ta cikin dukiya. Masu sayen tsohon ƙarfe a kilo sun yi tayi, maƙeran tukwane ma sun zo, domin jikinta na alminiyum ne, in an narke shi tukwanen biki za su fito. Ana cikin haka wani saurayi ya sauka daga Yamai, ya ce aikinsa nemo tsofaffin kat-kat domin masu tara su a Turai. Inna, matar marigayin, ta aiko a kira ni, ta ce: "Mushe, zo ka ji mana abin da yaron nan yake so da mushen mota."

Ban yarda in tsaya ni kaɗai ba, sai na ɗauko tsohon makanikin da ya yi shekaru yana gyara ta. A ranar na gane cewa mutum biyu za su iya karanta mota ɗaya kamar allo, kowa da irin karatunsa.

Saurayin ya fara da manna maganaɗisu a ƙofa, ya faɗi ƙasa, ya manna a shasi, ya kama. Ya bayyana mana cewa lokacin da aka fito da Land Rover ta farko a 1948, ƙarfe ya yi ƙaranci a Ingila bayan yaƙin duniya na biyu, shi ya sa aka yi mata jiki da alminiyum, wanda ba ya tsatsa. Ya nuna fitilu, ya ce a tsofaffin samfura suna kusa da juna a tsakiyar fuska, sai wajen 1969 aka mayar da su gefe, bisa murfin tayoyi. Ragar gaba ta roba ce, agogunan kuma suna gaban sitiyari maimakon tsakiya, alamar samfuri na uku ke nan, wanda aka ƙera daga 1971 zuwa 1985. Ya auna tsakanin tayar gaba da ta baya, ya sami inci 109, wato doguwar, domin gajerar 88 ce. Daga nan ya kwanta ƙasa, ya kankare laka, ya gwada lambar shasi da ta takardun mota, suka yi daidai. Ya ƙara da cewa har Toyota Land Cruiser ta jerin 40, da aka yi daga 1960 zuwa 1984, yana nema, kuma a can haruffa ne suke magana: F injin fetur, B gazuwal mai silinda 4, H gazuwal mai silinda 6.

Duk inda ya ga walda sai ya girgiza kai ya rubuta. A wurin masu tarawa, darajar mota tana ga kasancewarta yadda ta fito daga masana'anta, kowane faci kuwa ragin kuɗi ne.

Tsohon makanikin ya saurara har ya gama, sannan ya dafa waldar da ke bayan shasi, ya ce: "Ɗana, wannan da kake ragewa, a hanyar Belbeji ta karye da buhu-buhun hatsi, daminar da ruwa ya cinye hanya. Ni na ɗinke ta." Ya nuna ƙugiyar waya a gefe, inda ake rataya salka domin iskar tafiya ta sanyaya ruwa. Ya nuna ganyen sifirin na wata babbar mota da aka yanka aka ƙara mata saboda lodi. Ya kama ɗan sanda mai kai ruwan ɗorawa, wanda in an danna shi tayoyi huɗu suke ja, da mai jan kai, wanda ake jawowa baya in rairayi ya yi zurfi, ya ce jan nan ya fitar da mata masu naƙuda daga ƙauyukan Damargu zuwa likita a Tanut fiye da yadda zai iya ƙirgawa.

Ni ma ina da nawa karatun. Kawu ya saye ta a gwanjon wata ma'aikatar haƙa rijiyoyi, kuma a bayanta na fara barin ƙauye zuwa kwalej, ina zaune kan buhun gero, akwatin kwanona a cinya. Ban san inci ba a lokacin, amma ko cikin barci ina gane kukan injinta daga nesa.

Mai karatu, kada ka ɗauka ina zargin saurayin nan. Iliminsa gaskiya ne, kuma ya kunyata ni. Ƙasarmu ta ga ayarin Berliet da ya ratsa Tenere a 1959 da 1960, ta ga tseren Paris-Dakar na farko ya bi ta Agadas da Yamai a 1979. A gidan tarihi na Yamai mun adana itacen Tenere da wata babbar mota ta kayar a 1973, kuma mun kyauta. Amma motocin da suka kai allurar rigakafi da malaman makaranta da abincin agaji inda kwalta ba ta kai ba, mun bar su ga kaji da maƙera. Sai baƙo ya zo ya gaya mana shekarun abin da muka tsufa da shi. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, mu kuwa mun riƙe karin maganar mun zubar da zumar.

Na so a bar ta, sai dai ni ɗan ƙanwar marigayi ne, ba ni da ko dala a gadon. Tayin saurayin ya ninka na masu kilo nesa ba kusa ba, ga marayu biyu suna karatu, ga ɗakin Inna yana yoyo. Da ta tambaye ni, na ce: "Inna, ki sayar." Tsakanin tukunya da ƙetare teku, na zaɓi ta rayu ko da a hannun wanda bai san Belbeji ba.

Kafin a ɗora ta kan babbar mota, na zauna da tsohon makanikin dare biyu. Ya riƙa faɗa ina rubutawa, kowace walda da hanyar da ta jawo ta, da Hausa da Faransanci. Na naɗe littafin a leda na sa a akwatin kayan gyara da ke ƙarƙashin mazauni, na kuma ajiye kwafi. Na roƙi saurayin ya gaya wa mai saye cewa kafin ya goge facin nan ya karanta. Ya yi alkawari, ya rubuta a takardarsa.

Har yanzu akwai tabon baƙin mai a gindin dogonyaron, yaran gida suna wasan dara kusa da shi. An gyara ɗakin Inna kafin damina. Allah ya jiƙan Kawu, ya jiƙan direbobi da karnukan motar da suka riga mu gidan gaskiya.