Daga Minna Zuwa Tsibiran Kainji: Jaka Ɗaya, Abokai Da Yawa

Ba sai ka nemi biza ba kafin ka kwana a tsibiri. A nan jihar Neja muna da Tafkin Kainji, wanda ya samu bayan an kammala madatsar ruwa a 1968, kuma tsawonsa ya haura kilomita 100, har cikin ƙasar Yauri. Idan hutu ya zo, ka saɓa jaka ɗaya a baya, ka bi ta Kpakungu zuwa Bida, ka wuce Mokwa, ka sauka a New Bussa. Kafin ka tashi ka tambayi direbobi halin da hanya ke ciki, domin yankin Borgu ya sha fama da 'yan bindiga, kuma kada ka yarda dare ya same ka a mota.

Sabon gari ne New Bussa. Tsohuwar Bussa, inda Bature Mungo Park ya halaka a 1806, tana ƙarƙashin ruwa, tare da garuruwa da tsibirai da dama na Gungawa. Abin da ya rage, irin su tsibirin Foge, shi ne za ka je ka gani.

Jakarka kada ta yi nauyi: kaya kala biyu, gidan sauro, tocila, ruwan sha mai tsafta, da gishirin ORS ko ciki zai juya. Ka ƙara da goro ko sukari da ganyen shayi. Wannan ba kayan ciye-ciye ba ne, shi ne mabuɗin ƙofa.

A tsibiri babu otal, sai mutane. In ka sauka daga kwale-kwale, ka nemi gidan mai gari ko Sarkin Ruwa, ka yi gaisuwa, ka faɗi sunanka da garinku da abin da ya kawo ka. Baƙon da ya fara ɗaukar hoto kafin ya yi sallama, da kallo kawai za a bi shi. Wanda ya zauna a bakin gaɓa ya kama wa masunta jan taru kuwa, kafin magariba an san shi, an kuma tura yaro ya kawo masa tuwo da miyar ƙarfasa. Sarkawa da sauran masunta suna jin Hausa, hira ba za ta yi maka wuya ba. Ka tambaye su yadda ake banda tarwaɗa, da yadda ake shanya warangi, ka ga yadda baki ke buɗewa. A ganina abotar da aka ƙulla kan aiki ta fi ta teburin mai shayi daɗewa.

Waɗannan abokai su ne za su faɗa maka jirgin da za ka shiga da wanda za ka bari ya wuce. Ka ji maganarsu. Ƙarƙashin tafkin akwai kututturan itatuwan da ruwa ya shanye, ga lodin da ya wuce ƙima ranar kasuwa. A watan Mayun 2021 wani jirgi da ya taso daga Lokon Minna a Borgu zuwa Warra ya nutse, aka rasa mutane masu yawan gaske, cikinsu har da mata da yara. Saboda haka ka sa rigar kariya ko da kowa zai yi maka dariya, kuma hukumar NIWA ta hana tafiyar ruwa da dare.

Abu ɗaya ne ba za ka bi su a kai ba: wanka a gaɓa. Za ka ga yara suna iyo, su kira ka. Ruwan da ke kwance yana ɗauke da dodon koɗin da ke yaɗa tsargiya, ƙwayar kuma ta fata take shiga, ba sai ka sha ba. Ka ɗebi ruwan a tafasa maka shi kafin ka yi wanka. In ka dawo Minna ka ga jini a fitsari, ko bayan makonni ne, ka je asibiti ka faɗi inda ka je. Akwai maganinta, praziquantel. Zazzaɓi ma a gwada jini kafin a sha komai.

Ranar tafiya ka karɓi lambar mai masaukinka. Wata rana shi ma asibiti ko neman makarantar ɗansa zai kawo shi Minna, kuma gidanka zai nufa.