Jamusawa Ma Ba Bakinsu Ɗaya Ba

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ɗan fili in ba 'yan'uwana malamai labarin abin da na gano a ƙasar Jamus.

Shekara biyu na yi ina koyon Jamusanci a littafi, har ina ganin na ƙware. Ran da na sauka wani ƙauye na Bavariya, can kudu, wata tsohuwa ta yi mini magana, na yi tsuru-tsuru. Abokin tafiyata, mutumin Hambug ta arewa, ya ce shi ma da ƙyar ya tsinci rabi. Ashe Jamusancin rubutu daban, na gida daban. Na rubutun ya ƙara bazuwa ne bayan da aka buga Baibul ɗin da Martin Luta ya fassara, cikin 1534.

Wanda ya ba ni tausayi shi ne bakin mutanen arewa, watau Plattdeutsch. A zamanin da, da shi fataken Lubek ke ciniki a garuruwan bakin teku. Daga baya aka dinga kunyata yara a makaranta in sun yi shi, iyaye suka bar koya wa 'ya'yansu. Cikin 1999 alkawarin da hukuma ta ɗauka na kiyaye shi ya fara aiki, amma masu jinsa sun riga sun ragu ƙwarai.

Nan na tuna da wani yaro Basakkwace da na sa aji ya yi wa dariya don ya ce "shina zuwa." Tun ran nan bai sake ɗaga hannu ba. Malamai, mu koya wa yara Hausar rubutu, amma kada mu raina wadda suka sha a nono.

Haza wassalam.

Naka,
Wani malamin makaranta